Aradu Rana Tsaka: Yadda Ake Amfani da "Out of the Blue"

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraro, ga mu a filinmu na gyaran Turanci. Ɗalibai, a jawo littafi da biro kusa. Iyaye da yayyen da ke gefe, kada ku tashi, domin kuskuren da za mu taɓo yau ya fi yawa a bakin manya masu digiri fiye da bakin yara.

Kan magana ɗaya za mu tsaya, mai kalmomi huɗu: "out of the blue". Bari in rarrabe su: out, of, the, blue. Mai Turanci yakan faɗe ta idan abu ya same shi ba zato ba tsammani, bai ga tahowarsa ba, bai san ta inda ya ɓullo ba. Abin da mu za mu ce kwatsam, ko rana tsaka, ko bagatatan, ko kamar daga sama. Misali, abokin da kuka rabu tun kuna firamare, yau sai ga kiransa a waya. Sai ka ce: "He called me out of the blue." Wato rana tsaka sai ga kiransa.

To ina matsalar take? A ƙarshen kalma ta huɗu take. A Najeriya za ka ji mai karanta labarai, ka ji malamin makaranta, ka gani a shafin jarida, an ƙara harafin "s", an ce "out of the blues". Abin ya bi jiki har wanda ya faɗa daidai shi ake yi wa kallon wanda ya yi tuntuɓen harshe. Alhali wannan ɗan harafi yana juya maganar gaba ɗaya. Ku ɗauka wani baƙo yana koyon Hausa, ya tashi zai yi karin magana, sai ya ce komai nisan jifa ƙasashe zai faɗo. Ai dariya za ku yi. Jam'i kawai ya yi, amma ƙasar da ake takawa ta koma Nijar da Chadi da Kamaru. Haka "blue" take da "blues".

Ita "blue" launi ce, shuɗi, wanda a kasuwa muke ce wa bulu. Idan aka sa mata "the" a gaba, aka ce "the blue", to sararin samaniya ake nufi, lokacin da gari ya washe, babu gajimare ko ɗaya. Wani lokaci a kan nufi teku da ita, amma a wannan magana samaniya ce. "The blue" kuwa a wannan ma'ana guda ɗaya ce, ba ta da jam'i.

"The blues" kuma wata aba ce daban. Ma'anarta ta farko ita ce ƙuncin rai da damuwa, irin wadda mutum zai wayi gari ba ya jin daɗin komai. Ma'ana ta biyu wani salon kiɗa ne da baƙaƙen fata na kudancin Amurka, jikokin bayi, suka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a yankin Mississippi, suna rera wahalhalun rayuwarsu. Marigayi B.B. King yana cikin fitattun makaɗansa. Akwai ma ta uku, wadda 'yan gidan kallon ƙwallo sun riga ni sani: laƙabin ƙungiyar Chelsea ke nan. Saboda haka idan ka ce wa Bature wani ya fito "out of the blues", zai iya ɗauka cewa mutumin ya warke daga damuwa, ko kuma ya yi irin ta Mikel Obi da ya bar Chelsea a 2017. Ba zai fahimci kwatsam kake nufi ba, sai dai ya yi maka uzuri ya cike da kansa.

Yanzu daga ina maganar ta samo asali? Gutsure ce daga wata mai tsawo: "a bolt out of the blue", ko kuma "a bolt from the blue". Kalmar "bolt" tana da ma'anoni da yawa, har da sakatar ƙofa, amma a nan aradu ake nufi, saukar tsawa. In kuna son ta zauna muku, ku tuna ɗan tseren nan na Jamaika, Usain Bolt, wanda ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Sunansa na gaskiya ne, amma ya dace da shi har ake yi masa kirari da walƙiya. To cikakkiyar maganar tana nufin aradu da ta faɗo alhali gari garau, babu hadari, babu iska, babu abin da zai sa mutum ya nemi mafaka.

Cikin tsofaffin rubuce-rubucen da aka ga wannan magana akwai littafin Thomas Carlyle, ɗan ƙasar Sikotlan, kan juyin juya halin Faransa, wanda ya fito a 1837. Amma hoton da ke cikinta ya girmi Turancin kansa. Horace, mawaƙin Rumawa da ya rasu shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, yana da waƙar da ya ba da labarin jin tsawa a sararin da babu gajimare, abin ya razana shi. Jamusawa ma suna da irin wannan magana, haka Faransawa. Mu kanmu idan mummunan labari ya riske mu, ai cewa muke ya zo kamar saukar aradu. Ko'ina ɗan Adam yake, ya san tsoron abin da ya faɗo daga sama ba sanarwa.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya shafi rai. Wannan aradu ta cikin rana ba ƙirƙirar marubuta ba ce, tana faruwa. Masana yanayi ma da wannan suna suke kiranta. Walƙiya takan fita ta gefen hadari, ta yi tafiya a kwance cikin iska, ta je ta sauka a wuri mai nisan kilomita 15 ko fiye, inda mutane ke ganin rana tar a kansu. Manomi yana ganin hadarin can gabas, yana cewa da sauran lokaci, bari in ƙarasa wannan kunya. Makiyayi yana tsaye a fili da sanda a kafaɗa. Ga lissafi mai sauƙi: haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kamar mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In ka ga walƙiya, ka fara ƙirga har ka ji rugugi. Kowace daƙiƙa 3 kamar kilomita ɗaya ce tsakaninka da ita. Shawarar masana ita ce, muddin kunnenka yana jin tsawa, to kana inda za ta iya kai maka. A shiga ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, a guji gindin bishiya, a kuma jira kamar minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a koma fili.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna kan "out of the blue" ne, ba tare da "s" ba.

Mu zo kan yadda ake jera ta a jimla. Ba ta canza siffa. Ba a ƙara mata, ba a rage mata. Wasu sukan yar da "the" su ce "out of blue". Wannan ma kuskure ne. Yawanci ƙarshen jimla take zama, bayan aikatau irin su come, appear, arrive, call, ask. Ga misali: "The job offer came out of the blue." An ba ni aiki ban zata ba. Tana iya zuwa a farko, sai a bi ta da waƙafi: "Out of the blue, she asked for a transfer." Rana tsaka ta nemi a canza mata wurin aiki. In kana son ƙarfafawa, sai ka sa "completely" a gabanta.

Ita kuma doguwar, "a bolt from the blue", suna ce, ba bayanau ba. Ba za ka ce wani ya kira ka "a bolt from the blue" ba. Cewa za ka yi labarin kansa shi ne aradun: "The news of his dismissal was a bolt from the blue." Kuma a lura, doguwar ta fi nauyi, ta fi tafiya da abin da ya girgiza mutum, sau da yawa marar daɗi. Gajeruwar kuwa ba ruwanta, tana ɗaukar alheri, tana ɗaukar akasinsa. Kyautar kujerar Makka za ta iya zuwa "out of the blue", haka takardar sallama daga aiki.

Sharaɗinta ɗaya ne: kada a ce an ga alama tun farko. In hadari ya haɗu tun azahar, ya yi baƙi ƙirin, sannan tsawa ta faɗi da la'asar, wannan ba aradun rana tsaka ba ce. Ɗalibin da bai shiga aji ba zango guda, ya faɗi jarrabawa, ba shi da bakin cewa sakamakon ya zo masa "out of the blue". Ku tuna husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda ya duhunta sassan Gana da Najeriya da Nijar da Chadi. Masana taurari sun lissafa ranarsa da sa'arsa shekaru kafin ya zo, gidajen rediyo sun yi ta sanarwa. Ɗan jaridar da zai rubuta cewa ya zo "out of the blue" ya yi kuskure. Amma tsohuwar da ke can rugarta, labari bai kai mata ba, ta ga duhu ya rufe da hantsi, ita kam haka ya zo mata. Ashe maganar ba abin da ya faru take aunawa ba, zaton wanda abin ya samu take aunawa.

Wani misalin ya fi wannan sarƙaƙiya. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Shin za a ce abin ya zo "out of the blue"? A ganina a'a, in kan cire tallafin ake magana, domin manyan 'yan takara duk sun yi alkawarin cire shi lokacin yaƙin neman zaɓe, kasafin kuɗin shekarar ma zuwa watan Yuni kawai ya tanadi kuɗinsa. Abin da ya zo wa mutane bagatatan shi ne a faɗa a wannan rana, a wannan wuri, farashi ya tashi cikin kwanaki. Marubuci mai kula zai ce sanarwar ce ta zo haka, ba manufar ba. Irin wannan bambanci shi ke raba wanda ya iya harshe da wanda ya haddace shi.

To akwai wasu 'yan uwanta biyu da ake cakuɗa su da ita: "out of nowhere" da "out of thin air". Don in raba muku su, bari in ba ku labarin wani dutse.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama a kusa da Zagami, a lardin Katsina na wancan lokaci, dab da wani manomi da ke cikin gonarsa. Daga baya binciken masana ya tabbatar da cewa ɓallin duniyar Mars ne. Wani abu ne ya daki Mars tun zamani mai nisa, ya fisgo shi, ya yi ta yawo a sararin samaniya, har Allah ya ƙaddara ƙasar Katsina ce masaukinsa. Yau gutsattsarinsa suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike a ƙasashe da dama, kuma da sunan Zagami aka san shi a duniya.

Wannan manomi zai iya cewa dutsen ya zo "out of the blue". Ya yi daidai, bai zata ba. Zai iya cewa ya ɓullo "out of nowhere". Nan ma ya yi daidai, domin ita wannan ta fi karkata ga ido: abu ne ya bayyana gabanka ba ka ga ta inda ya fito ba. Ita direba zai faɗa idan ɗan acaɓa ya faɗo masa daga lungu: "The motorcycle came out of nowhere." Ana kuma faɗinta ga wanda ba a san shi ba jiya, yau ya yi suna, kamar ɗan takarar da babu wanda ya lissafa da shi sai ga shi ya lashe zaɓe.

Amma ba za a ce dutsen Zagami ya fito "out of thin air" ba, domin yana da asali, an ma gano asalin. "Thin air" iska ce tsagwaronta, wadda babu komai cikinta. Ana danganta yaɗuwar kalmomin da wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Tempest, na wajen 1611, inda wasu aljanu suka narke suka bi iska. Shi ya sa ake cewa abu ya ɓace "into thin air", wato ya yi ɓatan dabo, ko sama ko ƙasa. In aka juya ta aka ce "out of thin air", to abu ne aka samar daga babu. Galibi zargi ne. In akawu ya kawo lissafin da babu rasit, babu shaida, sai shugabansa ya ce: "You pulled these figures out of thin air." Wato shaci-faɗi ka yi, da ka ka ƙago su. Ko yaro ya matsa wa uba a saya masa waya, uban ya ce ba zai iya samar da kuɗi "out of thin air" ba, abin da namu uban zai ce, kai kana ganin haƙo su nake?

Ku ga inda haɗarin yake. In ka so ka ce wa maigidanka shawararsa ta zo maka ba zato, sai bakinka ya kuɓuce ka ce ta fito "out of thin air", ka gaya masa ke nan cewa maganarsa ba ta da tushe. Yabo ka nufa ko mamaki, ka ɓuge da cin fuska.

Akwai kuma "once in a blue moon". Launi kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne. Ita wannan tana nufin abin da ba safai yake faruwa ba, sai an daɗe, jefi-jefi. A yau ana kiran cikar wata ta biyu a cikin wata ɗaya na kalandar Bature da wannan suna, abin da kan faru kamar sau ɗaya a shekara biyu da rabi zuwa uku. A lissafin Hijira hakan ba ya yiwuwa, tunda watanmu da jinjirin wata yake farawa. Ɗan uwan da ke ziyartarka shekara-shekara yana zuwa "once in a blue moon". In ya zo bai yi waya ba, ya zo "out of the blue". Yana iya haɗa biyun.

Tunda ɗazu mun yi maganar abin da ba a san asalinsa ba, ga wata ta raha da mutanen Ingila ke yi. In aka kawo maka kaya da arha mai ban tsoro, ka tambayi inda aka samo, sai a ce "it fell off the back of a lorry", wai daga bayan babbar mota ya faɗo. Amurkawa "truck" suke cewa a madadin "lorry". Kada ka ɗauka tsintuwa ce. Kayan sata ake nufi, cikin zolaya. In ka ji haka, ka riƙe kuɗinka.

Na san wani zai ce, malam, ai Turancin Najeriya ma Turanci ne, tunda kowa "blues" yake cewa kuma ana fahimta, me ya yi zafi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Muna da kalmominmu da suka samu karɓuwa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wasu a 2020, cikinsu akwai Kannywood da okada. Waɗannan abubuwa ne namu da Bature ba shi da sunansu, mu muka raɗa. Amma "out of the blues" ba ta cike wani giɓi ba. Ba ta faɗi abin da ta asalin ta kasa faɗa ba, sai ma rikitarwa da ta ƙara. Kuma mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai tsaya jin wannan muhawara ba, jan biro zai sa. Haka wanda zai karanta takardarka ta neman aiki ko neman gurbin karatu a waje.

Wani abin kuma, kada a mayar da ita gishirin kowace miya. Insha'i ɗaya, sau ɗaya ya isa. A wasiƙar ofis ko rahoton aiki ma gara a yi amfani da kalma guda, "unexpectedly" ko "suddenly", a bar "out of the blue" ga labari da hira da rubutun jarida. Ban damu da lafazinka ba. Ko "za bulu" harshenka ya ba ka, za a gane. Harafin ƙarshen nan dai shi za a bari a gida.

Ga aikin gida. Kowa ya rubuta jimla uku daga abin da ya taɓa faruwa a unguwarsu: ɗaya da "out of the blue", ɗaya da "out of nowhere", ɗaya da "out of thin air". A ƙarƙashin kowace, a rubuta yadda za a faɗe ta da Hausa, ba fassarar kalma da kalma ba, yadda kakarka za ta faɗa. A kai wa malamin Turanci ya duba. Malamai kuma, don Allah, in kun ga "s" ɗin nan a littafin yaro, kada ku tsaya kan soke shi kawai, ku ba shi labarin aradun.

Lokaci ya cim mana. Manoma da makiyaya, a kula da tsawa in hadari ya taso, ko da rana na kanku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)